Kunyar Mero a Gaban Alƙali

Tun kafin alƙalai su zauna an riga an sayi rago. Alhaji Mahbub ne ya saya, ya ɗaure shi a ƙofar gidan ƙanensa Ɗan'azumi da ke bayan layin dogo a nan Agege. Aka kafa rumfar haya, aka jera kujerun roba, har anko aka fitar, shadda ruwan ƙasa. Baƙo in ya gani sai ya ɗauka mahajjaci ake jira. Wanda ake jiran kuwa yana kurkuku ne, shekara huɗu ke nan, saboda abin da ya yi wa yarinya 'yar shekara tara.

Ba zan faɗi abin da ya yi ba. Yarinyar ta faɗa da bakinta a gaban alƙali, ya isa. Sunanta Nazifa. Uwarta Mero tana tuyar waina a bakin titi, ubanta Yari ɗan dako ne a kasuwar Mile 12, buhunan Alhaji Mahbub yake saukewa. A lokacin haya suke a gidan Ɗan'azumi, dillalin albasa, mutumin sahun gaba a masallaci, mai rabon dabino da azumi. Babbar kotu ta yanke masa ɗaurin rai da rai. Danginsa suka ɗaukaka ƙara.

Mero ce ta zo ta same ni da sammacin zaman farko, ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Baba Malam, ka taimaka ka raka ni. Kai kana jin Turancinsu."

Na ce mata wannan kotun ba irin waccan ba ce. Ba a kiran shaida, ba a tambayar kowa. Alƙalai uku ne za su karanta abin da aka rubuta a shari'ar farko, lauyoyi su yi ta musu a kai.

"To ni me zan yi?"

"Zama."

"Ita fa? Za a sake tsayar da ita?"

"A nan dai a'a."

Ta sauke numfashi. Abu biyu take tsoro a duniya: mutumin nan ya dawo layinmu yana wucewa ta gaban tandarta, ko kuma a sake tsayar da yarinyar ta maimaita abin da ta faɗa.

"Ita" na ce ta ce, don kuwa haka take kiran 'yar tata. Nazifa 'yar fari ce, Mero kuwa tarbiyyar ƙauye ce ta can wajen Kazaure, inda uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, in an tambaye ta ma sai ta ce na kakarsa ne. "Ke" take ce mata, ko "waccan", ko "'yar Inna". Yarinyar kuma Yaya take ce mata. Duk unguwa an san haka, ana ma yaba mata. An sha cewa Legas ba ta ɓata Mero ba.

A shari'ar farko, ɗakin kotu cike da mazan unguwa, aka tsayar da Mero aka tambaye ta ko yarinyar 'yarta ce. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta ce, "'Yar Inna ce." Aka ce ta faɗi sunanta. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Yadda suka faɗa ɗin nan." Tafinta ya juya wa alƙali daidai yadda ya ji: shaida ta ce yarinyar ta mahaifiyarta ce, kuma ba ta faɗi sunan ba. Alƙali ya rubuta, aka wuce. Bayan haka Mero ta ba da shaidarta tsaf, halin da ta tarar da yarinyar, wanda ta gani yana fita daga ɗakin, asibitin da ta kai ta. Babu Bahaushen da ke wurin da ya ga wani abu a waccan amsa ta farko.

A kan wannan amsar lauyan Ɗan'azumi ya kafa ƙararsa. Dogon mutum ne mai murya kamar ta mai karanta labarai, ya tashi ya gyara baƙar rigarsa ya bayyana wa alƙalai cewa maganar ƙaramar yarinya ita kaɗai ba ta isa a ɗaure mutum ba, sai da wata shaida da ta tallafe ta. Shaidar da ta tallafa kuwa ta wannan mata ce. Matar da ta ce wa 'yan sanda ita ce uwa, ta zo kotu ta rantse ta ce ba ita ba ce. Matar da ko sunan yarinyar ta kasa faɗa. Ya ce ko dai ta yi ƙarya a can, ko ta yi a nan, kuma ba a ɗaure mutum rai da rai da bakin maƙaryaciya.

Mero ta taɓa hannun rigata. "Me yake cewa?"

Na faɗa mata. Na kuma tsallake kalmar ƙarshe, amma ta gane daga yadda mazan bayanmu suke gyaɗa kai.

Lauyar gwamnati wata Bayarbiya ce, ba ita ta yi shari'ar farko ba. Na raɗa mata abin da ake ciki a lokacin hutu, ta buɗe baki ta ce ba ta taɓa jin irin wannan al'ada ba. Ta tashi ta yi iya ƙoƙarinta. Babban alƙalin ya dube ta ta saman tabarau ya tambaye ta a wane shafi aka rubuta al'adar. Ba a rubuta ba. Abin da ba a rubuta ba kuma, a wannan kotun, bai faru ba.

A baranda na tare Alhaji Mahbub. Shi ma ɗan fari ne, na san mahaifiyarsa kafin ta rasu, "na Goggo" take ce masa har ya yi furfura.

"Alhaji, Hajiya ta taɓa kiran sunanka?"

Ya ja carbi. "Malam, wannan maganar gida ce. Nan kotu ce."

"Ka san dai abin da Mero take nufi."

"Ni ban san komai ba. Lauya na biya ya sani."

Na karanta littattafai da dama a kan zalunci, masu rubuta su kan ba azzalumi jajayen idanu. Wannan kuwa turare mai tsada yake sawa, ya kuma tambaye ni ya ƙafar tawa, ko na samu maganin.

Ranar hukunci, ranar ragon ke nan, muka sake hawa motar haya ta danfo ni da Mero. Yari bai zo ba, wai motar kaya ta shigo daga Arewa. Alƙali ya yi ta karatu da murya ɗaya, kamar mai karanta sunayen fasinja. Ƙarshen maganar: an soke hukuncin farko, za a sake shari'ar daga tushe a gaban wani alƙali, wanda ake tuhuma zai ci gaba da zama a tsare har a gama.

Mutanen Alhaji kalmar "soke" kawai suka jira. Kabbara ta tashi a baranda har ɗan sanda ya tsawatar. Wani ya buga waya gida. Kafin mu fita daga cunkoson Oshodi an yanka rago.

Lauyar ta riske mu a bakin ƙofa kafin mu tafi. Ta ce in faɗa wa Mero gaskiya: in yarinyar ba ta zo ta sake ba da shaida ba, ƙarar ta mutu, mutumin zai fito. Na faɗa mata. Har muka iso Agege tana ta murza gefen mayafi.

Da la'asar aka aiko kiran su rumfa, ita da Yari. Na bi su, ba don an gayyace ni ba. Ana ta suya, hayaƙin nama ya cika layin, maza cikin ankonsu suna sakace. An riga an gane cewa Ɗan'azumi ba yau zai dawo ba, amma nama nama ne. Alhaji Mahbub ya sa aka ba su tabarma, ya yi sallama mai tsawo, ya ja aya, sannan ya shiga magana da tattausar murya.

"Yari, kai ɗanmu ne. Mero, ke 'yarmu ce. Yarinyar nan yanzu ta girma, sha uku take. Gobe jibi maganar aure ce. A sake tsayar da ita a gaban ƙatti ta maimaita wannan ƙazanta? Wa zai so wa 'yarsa haka? Ku mayar da ita gida wajen kakarta, ta huta da bakin mutane. Ai ke da kanki kika ce 'yar Inna ce. Mota a kaina."

"Gaskiya ne," in ji wani da tsoka a bakinsa. "Rufin asiri ya fi."

"Mero ai mai kunya ce," in ji wani. "Ba irin matan Legas ɗin nan ba masu tsaurin ido."

Alhaji ya juya. "Yari, me ka ce?"

Yari yana kallon yatsun ƙafarsa. "Yadda Oga ya gani."

Can tsallaken titi Nazifa tana tsugune a gaban tandar uwarta, tana juya waina da tsinke, don tun safe ita aka bar wa sana'ar. Mero ta daɗe tana kallonta. Sai ta miƙe tsaye a tsakiyar maza, abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

"Nazifa!"

Yarinyar ba ta waiwayo ba. Ba ta san sunan da wannan muryar ba. Ta ɗaga kai ta dubi shagon mai shayi, ta dubi masu baburan okada, ta koma kan tandarta.

"Nazifa! Ke nake kira!"

Duk rumfar aka juyo. Wata tsohuwa da ke yankan albasa a gefe ta ce, "Innalillahi." Yarinyar ta tsallako titi da tsinken a hannunta, ta durƙusa nesa kaɗan.

"Na'am, Yaya."

"Ki ji da kyau, su ma su ji. Ni na haife ki. Da damina, a ɗakin Inna, ni na yi naƙudarki. Ke 'yata ce." Ba ta sassauta murya ba. "An ce sai an sake shari'a, sai kin sake faɗa. Ba dole. In ƙauye kike so, tare za mu tafi, ba a motar kowa ba. In kotu ce, tare za mu je. Ke za ki zaɓa."

"Mero!" in ji Yari. "A gaban mutane?"

Ba ta ko dube shi ba. Nazifa ta kalli rumfar, ta kalli fatar ragon da aka shanya a jikin katanga, ta kalli uwarta.

"In sun tambaye ki sunana, za ki faɗa?"

"Zan faɗa."

"To zan je." Ta shinshina iska. "Yaya, waina tana ƙonewa." Ta ruga ta tsallaka titi, Mero ta bi bayanta ba tare da ta yi wa kowa sallama ba.

Alhaji Mahbub ya kaɗe riga ya ce Allah ya shirya. Daga ranar Yari bai ƙara sauke masa buhu ba, an ce babu aiki. A majalisar bakin masallaci kuwa an yi kwanaki ana tattaunawa, ba a kan Ɗan'azumi ba, ba a kan abin da ya yi ba. A kan Mero ne, yadda mace za ta tsaya a tsakiyar maza ta kira sunan 'yar fari da ƙarfi. Dattawa suka haɗu a kan cewa kunya ta ƙare a duniya.

Kafin magariba a ranar ragon an aiko mini da nawa kason naman a baƙar leda, har da hanta, don girmamawa. Na karɓa na yi godiya yadda aka saba. Akwai wani kare mai ƙazuwa da ke kwana a gindin layin dogo, shi na kai wa.