Wutar da Su'ad Ta Kashe

Usta Salih, gwanin fenti, ya tsufa yana zana kaji da firji a ƙofofin shagunan Kasuwar Libiya da ke Omdurman, amma a gaban Su'ad mai shayi bakinsa mutuwa yake yi. Tun rasuwar matarsa yake son ya ce yana sonta, kullum sai ya ɓige da "ƙaro sukari".

Wata rana ya ji tana cewa tana kewar dutsen Jabal Marra, inda aka haife ta. Shi ke nan, Usta ya samu ƙofa. Ya ajiye fentin mai, ya sayo fentin ruwa da takarda mai kauri don ya zana mata dutsen. Bai taɓa wuce Omdurman ta yamma ba, amma ya ji an ce dutsen ya taɓa aman wuta a zamanin da. To, mai neman aure zai kai dutse lami? Ya zuba ja, ya ƙara ja, har rabin sama ya kama.

Ya kai mata zanen da hantsi.

Su'ad ta daɗe tana kallo.

"Ya Usta, me gonar uwata ta yi maka? Daidai nan lemunanmu suke, ka babbake su."

Masu shan shayi suka kwashe da dariya. Ita ma ta yi, sai dai tata ba ta yi nisa ba.

"Na ga wuta a dutsen nan," ta ce a hankali, "amma ba daga cikinsa ta fito ba. Ta yaƙi ce, ita ta kawo ni nan."

Kunya da tausayi suka rufe Salih. Ya miƙa hannu zai karɓe takardarsa, ta buge hannun. Ta tsoma tsumman goge kofuna a ruwa, ta dinga dannawa a kan jan. Fentin ruwa ba shi da taurin kai, nan da nan ya bi tsumma, ya bar fari-fari a ƙoƙon dutsen.

"Kalas, shi ke nan, na kashe. Nan tafki ne, ka sa shuɗi. Nan kore. Nan kuma ɗaki."

"Ɗakin wa?" in ji Salih.

Ta tura masa shayi, da sukarinsa daidai, ba tare da ya roƙa ba.

"Ka yi shi da faɗi dai, ya Usta. Ina da kaya."