Reshen da Wuta Ta Bari

Da likita ya tambaye ta wace shuka ce yarinyar ta ci 'ya'yanta, Maman Mimi ta ce ba ta san sunanta ba. Shukar dai babu ita. Jiya da ta koma gida ɗauko wa Mimi kayan sawa, idonta ya faɗa kan abar a gindin katanga, zuciya ta ɗebe ta, ta sare ta da adda, ta zuba kananzir ta cinna wuta.

"Aman ya tsaya," in ji likita, "amma akwai gubar da ke lafawa ta dawo ta taɓa zuciya. Sai na san me ta ci kafin in sallame ku."

Ba ta da wanda za ta aika. Baban Mimi direban babbar mota ne, wayarsa ba ta shiga. Ba su daɗe da tarewa a unguwar ba, ko sunan maƙwabciya ba ta sani ba. Ta bar 'yarta a hannun nas, tana tafiya tana waige.

A gida ta durƙusa ta tona tokar da hannu, babu komai. Sai can bayan duron ruwa ta hango wani ɗan reshe da adda ta cillar, gefensa ya babbake, da ɗa guda a maƙale. Ta naɗe shi a hankici ta nufi jami'a, inda likita ya kwatanta mata, ɗakin ajiyar tsirrai.

Ɗaki ne mai sanyi da warin kafur. Kabad-kabad na ƙarfe a jere, tsofaffin jaridu jibge, alluna ɗaure da igiya suna danne ganye. Mutum ɗaya ce a ciki, wata malama mai furfura.

Malama ta kwance hankicin, ta dube ta ta saman tabarau. "'Yata, gasawa kika yi ko soyawa?"

"Mama, tsoro na ji kar ta ƙara ci."

"Kin kashe ɓarawo kafin ya faɗi sunansa. To, zauna. Allah ya sa ya bar mana takalminsa."

Ta jiƙa ɗan a ruwan ɗumi har ya yi laushi, ta tsaga shi da allura a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu. Sannan ta zaro manyan takardu biyu daga kabad, kowacce da busasshen reshe a manne. A idon Maman Mimi duk ɗaya ne.

"'Yan uwa ne, amma halinsu ya bambanta," in ji malama. "Wannan ciki kawai yake wankewa. Wancan kuwa ba a wasa da shi. Wanda ya tsinko shi ya rasu tun ba a haife ki ba, ga shi yau yana mana aiki."

Ta juya ganyen da ya tsira, ta kwatanta bayansa da na takardun. Maman Mimi ta matse hannuwanta da suka yi baƙi da toka tsakanin gwiwoyi.

Malama ta cire tabarau. Wasan ya bar fuskarta. "Ba ni lambar likitan."

Kafin Maman Mimi ta isa asibiti, an mayar da Mimi wani ɗaki, an manna mata wayoyi a ƙirji, ruwan magani na ɗiga a hannunta.

"Mun tare gubar da wuri," likita ya ce, ya wuce gado na gaba.

Sauran gadajen kowanne da mutanensa, ana ta shigo da kwanuka ana sannu-sannu. Ta ja labule, ta wanke hannu, ta cire takalmi ta hau gefen gadon a hankali. Na'urar tana nuna bugun zuciyar, amma ba ta iya karanta ta ba. Sai ta kwantar da kunnenta a bayan yarinyar, ta saurara da kanta.