Koriyar Rigar Verlene

Duk ranar Asabar motar cocinsu takan tashi daga unguwa ta nufi gidan yarin maza. Mata ne zalla a ciki, baƙaƙe zalla, iyaye da matan aure da kakanni, kowacce da kwanon soyayyiyar kaza da burodin masara a cinya. Namiji ɗaya ne, Dattijo Cleophus direba, shi ma tsokanarsa suke yi cewa tsufa ne ya cece shi daga ɗauri.

Verlene Pettway ta daɗe tana bin motar nan, har ta zama malamar sababbin zuwa. Ita ke gaya musu kada su sa shuɗi, don shuɗi fursunonin ke sawa, kada su sa rigar nono mai ƙarfe, don na'urar ƙofa za ta yi ta ihu. Ita kanta koriyar riga guda ta ware wa Asabar. Ɗanta Darnell take zuwa gani. An kama shi da ƙwaya a mota tare da abokin aikinsa farar fata. Alƙali ya tura abokin asibitin masu shaye-shaye, Darnell kuwa ya zabga masa shekaru. Wannan labari kowa a motar ya haddace shi.

Wanda ba ta bayarwa shi ne na 'yarta Shondra. Motar da aka kama Darnell a ciki ta Shondra ce, don haka aka haɗa da ita aka ɗaure. Gidan yarin mata yana kan hanyarsu, a wata kwana bayan gonar auduga, amma motar coci ba ta taɓa tsayawa can ba. Ɗa namiji in ya shiga, sai unguwa ta ce ai haka suke yi wa 'ya'yanmu. Mace kuwa, sai kowa ya kau da kai. Verlene ma ta kau da nata, kuma abin yana cin ta.

A tsakiyar mako Shondra ta bugo waya. "Mama, ranar Litinin za su mayar da mu can kudu, inda ko mota ba ta zuwa. Ban ce ki zo ba. Faɗa miki kawai na yi."

Ranar Asabar, da suka iso kwanar, Verlene ta miƙe. "Dattijo, sauke ni nan."

"Yaya Verlene, auduga za ki tsinka?" in ji Earline, wadda ke zaune kusa da ita. "Ai kakanninmu sun yi mana wannan tun zamanin bauta."

"Shondra zan gani."

Earline ta ce a hankali, "To Darnell fa?"

"Ki ce masa uwarsa 'ya'ya biyu ta haifa."

Ta taka cikin rana har ƙofa. Ɗakin jira fayau, ba layi, ba kukan yara, ba irin cunkoson da ta saba da shi a wajen maza. Gandirebar da ke kan tebur, baƙa ce sa'ar Shondra, ta dube ta sama da ƙasa.

"Mama, ba za ki shiga da wannan rigar ba. Kore matanmu ke sawa."

"Kore? Ba shuɗi ba?"

"Shuɗi na maza ne."

"'Yata, ki dube ni da furfurata. Wa zai ɗauke ni fursuna? Jibi za su tafi da ita!"

"Na sani, Mama. In na bar ki, aikina ne zai tafi. Ba ki da wata a jaka?"

Ba ta da wata. Motar ta yi nisa, sai yamma za ta dawo, lokacin an rufe ziyara. Verlene, wadda ta koya wa rabin unguwa yadda ake shiga wurin 'ya'ya maza, ba ta san kalar da 'yarta ke sawa ba. Kunya ta rufe ta, ta fita.

Ta zagaya ta tsaya a bakin hanya, inda ake hangen filin gidan yarin ta cikin shingen waya. Can nesa wasu mata suka fito a jere za su ɗakin cin abinci, duk kai a ɗaure, duk tsayi kusan ɗaya a idonta. Ta ɗaga hannu sama, ta kaɗa da ƙarfi, ko Shondra za ta gane.

Ɗaya ta tsaya ta ɗaga mata. Sai ta kusa da ita, sai ta bayanta, har kusan duk layin suka tsaya suna ɗaga hannu, kowacce tana leƙe ko tata uwar ce ta zo. Verlene ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya, hawaye na zuba, ta kasa gane wacce ce tata.