Tayar Da Na Ce Ta Mutu

A ƙofar zaurensa da ke Kwarbai muka ƙulla maganar da Alhaji Sagiru, shekarar da ya sayi bas ɗinsa ta haya. Ya ce in kafa rumfar facina a jikin katangarsa kyauta, ni kuma in riƙa duba masa tayoyi.

Na ce, "Na yarda, Alhaji, amma da sharaɗi. Duk tayar da ta mutu tawa ce. Kuma ni Labaran ne zan ce ta mutu, ba kai ba, ba direbanka ba."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Gawar taya kake so? Kwashe, na ba ka har da makara."

Muka tafa. Shekaru muka yi a haka. Kullum da safe kafin Ja'afaru direba ya fita sai na ɗora geji na ga iska, don taya da zafi ƙarya take yi. In na gaba sun fara cin gefe in mayar da su baya. Tayar da wasu ke yarwa tun damina ba ta zagayo ba, a hannuna sai ta ga damina biyu. Alhaji bai taɓa cewa madalla ba, ni ma ban nema ba. Inuwar katangar ta ishe ni, kuma masu Keke duk sun san inda nake.

Sai ga bikin 'yarsa Munira. Hidima ta sha kansa, tayoyin baya kuwa sun suɗe sumul, ɗaya har wayar cikinta ta fara leƙowa. Da bas ɗin za a kai amarya Kaduna, da gwaggonni da ƙawaye da kayan gara a sama.

Ranar Laraba ya zo ya tsuguna kusa da ni, abin da bai saba ba.

"Labaran, ka gasa wuƙar nan taka ka fito musu da sabon zane. Kowa na yi. Bayan biki sai in sayi sababbi."

"Alhaji, in ka zana wa tsoho haƙora a dasashi, zai tauna ƙashi?"

"Kai fa matsalarka baki. Zuwa ɗaya ne da dawowa."

"Zuwa ɗayan nake ji. Naman robar ya ƙare. In na ƙara yanka, kwalta ta yi zafi, ga lodi, sai dai a ji ƙara."

"To Allah ne ke tsarewa ko kai?"

"Shi ne. Shi ya sa ya ba ni ido."

Ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Katangar nan dai tawa ce. Ka tuna."

"Na tuna. Kai ma ka tuna alƙawarinka."

Yana shiga gida na sa jak na ciro tayoyin bayan biyun, na bar bas a kan duwatsu. Ban ɓuya ba. Nan bakin hanya, masu zuwa la'asar na wucewa, na wasa wuƙa na tsarge ta farko gida biyu. Ja'afaru ya ɗora hannu a ka.

"Baba Labaran, ka kashe mu!"

"Su na kashe. Je ka kira shi."

Alhaji ya fito ko takalmi babu. Ya dubi robar, ya dube ni.

"Uban wa ya ba ka izini?"

"Kai. Sun mutu, ni na faɗa, don haka nawa ne. Wannan guga za ta zama, waccan takalma. In kana so a auna ƙafarka."

Mutane suka kwashe da dariya, ita ce ma ta fi ƙona shi. Ya ce kada magariba ta same ni a jikin katangarsa. Ba ta same ni ba. Kafin a kira salla na kwance langa-langan rumfata na ɗora a kura.

Washegari ya sayo sababbi, wani ya ɗaura masa. Aka kai amarya, aka dawo da guɗa.

Yanzu ina bayan ganuwa, inda rana ke dukan ƙeya tun hantsi, rabin masu Keken ma ba su biyo ni ba. Alhaji ya tsira da motarsa da matan gidansa, yana kuma ɗauke kai in mun haɗu a masallaci. Matata Hajo ta samu guga biyu masu kyau. Ni ne na yi asarar inuwa. Gobe ma aka kawo min irinsu, yankawa zan yi.