Tsakuwar Gonar Tudu

Auta na biye da Baba da kwanon iri a ka, sai ta ga ya ja ya tsaya a bakin titi. Jiya aka yi ruwan farko kamar da bakin ƙwarya, tun da safe Baba ke 'yan waƙe-waƙensa ƙasa-ƙasa yana wasa fartanya. Yanzu waƙar ta yanke.

Laka ce kwance a kan kwalta, motoci sun bi ta kai sun yi mata layi biyu. Daga saman tudu ta gangaro.

"Baba, ko ta gonar wani ce?"

"Gonar wa? Akwai wani mahaukacin da ya yi gona a tudun nan ban da ubanki?"

Suka hau. Gonar ta yi fari fat. 'Yar ƙasar da ke sama, wadda da ma kaurinta bai fi tafin hannu ba, ruwa ya kwashe ta, ya bar farar ƙasa mai tauri irin wadda ake ƙonawa a shafe bango. Baba ya sara fartanya. Ta yi ƙara kamar ya doki ƙarfe, ta dawo masa.

Shi manomin bakin kogi ne. Can ya tashi, can ya binne mahaifiyar Auta, a ƙasar da in ka jefa ƙwaya ka juya baya sai ta tsiro. Bara kogi ya cinye gonar da rabin gidan. Yaya, babban ɗansa da ke birni, ya ce su koma wurinsa, akwai ɗaki a bayan shagonsa, kuma an yi wa Baba hanyar aikin gadi. Baba ya ce shi da ransa ba zai zauna kan benci yana buɗe wa sa'o'in 'ya'yansa ƙofa ba. Ya karɓi wannan fili a tudu, inda ba abin da ake yi sai kiwo, ya ce wa Yaya a ba shi damina ɗaya. In ba ta yi ba, zai zo da ƙafarsa.

A wurin manomin bakin kogi, dutse a gona abin kunya ne. Rani guda suka yi a durƙushe suna tsintar tsakuwa, suna tarawa a bakin gona har tulin ya fi Baba tsawo. Farar ƙasa ta cinye musu yatsu, Auta ko allura ba ta iya riƙewa. Tun farko-farko ta lura duk tsakuwar da ta ɗaga, ƙarƙashinta da sanyi-sanyi, da 'yan saiwoyi sirara kamar zare. Ta kuma lura in iska ta taso, ƙasar inda suka tsince ce kawai ke tashi. Maganar ta sha zuwa mata baki. To amma 'ya ce za ta koya wa uba noma? Ga shi tun da kogi ya tashe su ba ta ga haƙoran Baba ba sai a gindin tulin nan.

Wata mai awaki ta ɓullo da garkenta. Tsohuwa ce mai baki, duk ranin nan in ta wuce sai ta tsokane shi, wai yana tuɓe wa ƙasa riga a gaban jama'a. Shi kuma ya ce ta bari ya girbe, ita zai fara aura. Yau ta tsaya nesa, ta dubi gonar, ta dubi gefen da awakinta ke kiwo, inda tsakuwa ke nan yadda Allah ya zuba ta, ƙasar ko gezau.

"Mai gona, an tashi lafiya? Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara," in ji Baba.

Ta kaɗa awakinta ta zagaye ta can baya, kamar mai gudun taka kabari.

Baba ya cire rigarsa ya shimfiɗa, ya juye irin a kai, ya ɗauki kwanon ya gangara titi. Da hannu yake kwasar lakar. Ya cika, ya ɗora a ka, ya hau, ya juye, ya sake gangarowa. Auta ta kwance ɗankwalinta ita ma ta shiga ɗiba. Wata babbar mota ta wuce ta watsa musu a fuska, yaran motar na dariya. Har rana ta take, abin da suka mayar bai fi shimfiɗar tabarma ba.

Baba ya zauna a jikin tulin yana haki. Auta ta durƙusa gefensa, idonta a ƙasa.

"Baba, ni fa na ga... lokacin da muke tsinta, ƙarƙashinta..."

"Ni ma na gani, Auta."

Ta ɗago.

"Sai da muka ci rabi na gani. Na dubi yatsunki, na rasa bakin da zan ce miki mu mayar."

Suna nan zaune wata tifa ta tsaya a titi. Direban ya hauro yana goge wuya da tsumma, mutum ne mai tumbi da fara'a.

"Sannu, Dattijo. Kullum na wuce sai na yi ta kallon kayan nan. Gini muke yi can gaba, na sayarwa ne?" Ya ɗebi tsakuwar ya murza a hannu. "Kai, wannan ko wanki ba ta so. Inji kuka sa?"

"Ni da 'yata ne injin."

"To wallahi kun iya. Shekarata nawa ina ɗaukar tsakuwa, ban taɓa ganin mai tsabtar wannan ba. Kai dai ka san sana'arka, Dattijo."

Auta ta ji kamar ta toshe masa baki. Baba ya daɗe yana kallon 'yar lakar da suka mayar, ta fara bushewa tana tsagewa a kan farar ƙasa.

"Matso da motarka," ya ce.

Direban ya gangara yana fito. Baba ya laluba aljihun wandonsa ya ciro waya, ya miƙa wa Auta da hannu duk laka.

"Kira min Yayanki."

"Me zan ce masa, Baba?"

"Ki gaishe shi. Ki tambaye shi ƙarfe nawa suke so a riƙa buɗe musu ƙofar."