Kumatun Fostina

Sai da Raliya ta fita takaba sannan ta samu bizar Guangzhou. Mijinta Tankari, ɗan kasuwar Maraɗi, a can zuciya ta buga masa, a can aka binne shi. Ko gawarsa ba ta gani ba. Abu ɗaya ta zo nema, abin da hannunsa ya taɓa.

Da ta isa, abokinsa Ghali ya miƙa mata wani ƙaramin akwati. A ciki, tsoffin kuɗin azurfa ne na sarakunan Rum. Tankarin nan fa, wasu na wurin baje kolin Pazhou suna neman masana'anta, shi yana lungunan unguwar Liwan yana leƙen kawunan matattun sarakuna! Ta sha yi masa tsiya a waya.

Ɗaya ta gane nan take, mai fuskar mace. Fostina. Tankari ya ce da ta mutu, mijinta sarki ya sa aka buga fuskarta a azurfa don kada a manta da ita. Wannan ba ta rabuwa da aljihunsa.

Amma kai, baƙa ƙirin! Raliya 'yar maƙeran farfaru ce, a gidansu azurfa mai dauɗa abin kunya ne. Ta samo lemun tsami da gishiri, ta zauna ta dirje ta tana kuka, har ta yi fes. A ranta, gata ta yi wa mamaci.

Washegari Ghali ya kai ta Liwan, shagon tsoho Chen, wanda ya sayar wa Tankari kuɗin. Tsohon ya yi mata ta'aziyya, Ghali na fassara.

"Ya ce ki duba kumatun Fostinar nan. Duk jikin baƙi ne, sai nan ne fari. Babban yatsan Tankari ne ya goge wurin. In ya yi kewar gida, haka yake zama a kujerar nan yana shafawa."

Raliya ta kwance bakin mayafinta. Ta ciro azurfar, ta miƙa masa.

Chen ya sa gilashi, ya juya ta gaba, ya juya ta baya. Ko'ina ƙyalli ɗaya. Sannan ya ɗago.

"Meiyou," ya ce a hankali.

Ghali ya buɗe baki zai fassara.

"Bar shi, Malam Ghali," in ji ta. "Wannan kam na sani. Babu."