Rijiyar Aƙilu

Ranar da Rabi'atu ta fita takaba, maimakon ta zaga gaishe-gaishe kamar yadda aka saba, sai ta ɗauki ƙwarya ta nufi karofin Tsiga. Marina suna tsaka da aiki suka ga mace ta durƙusa bakin rijiyar rinin mijinta, marigayi Aƙilu, tana kwashe mataccen baba tana watsarwa. Kowa ya saki abin da ke hannunsa.

"Subhanallahi! Rabi, lafiyarki kuwa?" in ji Maitama, Sarkin Marina. "Tun kaka da kakanni mace ba ta taɓa aiki a nan ba."

"To a ba ni namijin da zai yi, Sarki. Ga shi can."

Ta nuna wani yaro ƙanjamamme da ke rakuɓe a gindin tsamiya. Mudi ke nan, ɗaya daga cikin marayun da aka rarraba gida-gida shekarar da mahara suka ƙone ƙauyensu. Shi ya faɗa hannun Lawal mai jakuna. Riƙo aka kira abin, amma riƙon Lawal bai wuce korar tsuntsaye a gona da yankan ciyawa ba, abinci kuwa sai ƙanzo. Yanzu ma ya yi wa fatake masu zuwa Gwanja alkawarin yaron, ya yi musu dako. Rabi'atu ta san yaran da ake tura wa wannan hanya, ba kasafai suke dawowa ba. Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma tun Aƙilu na raye yake cewa yaron nan da ke leƙen aikinsa yana da ido.

Maitama ya girgiza kai. "Rini gado ne. Ba mu koya wa bare. In kowa ya iya, 'ya'yanmu su ci me?"

"Da ake rabon marayu kowa ya miƙo hannu, don akwai gona. Yau da aka ce a ba su sana'a, sun zama bare?" "Rijiyar nan ba za ta mutu ba. Ko a koya masa, ko ku saba da ganina."

* * *

Sai ga shi kuwa sun fara sabawa, ba da son ransu ba. Kullum da hantsi tana bakin rijiya, ta zuba toka, ta zuba baba, tana motsawa da muciya yadda Allah ya hore mata. Ba ta iya ba, ita ma ta sani. Matafiya daga Bakori har tsayawa suke su sha kallo, su tafi da labarin garin da maza suka bar wa mace karofi.

Da yamma kuma ta shiga gidaje, inda mata ke kaɗin auduga. Hajo, tsohuwar da zarenta ya fi na kowa laushi, ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta ajiye mazari.

"Ɗa na kowa ne, 'yar nan. Mu ma ba mu san hannun da namu za su faɗa ba. Zarena ba zai fita gidan nan ba sai an karɓi yaron."

Kafin kasuwa ta zagayo, maganar ta game gari. Mata suka ƙulle zarensu a tukwane. Masaƙa suka zauna, marina suka zauna, baba na lalacewa a rijiyoyi. A gida ma Maitama bai tsira ba, don uwargidansa na cikin masu ƙullin.

* * *

Ana gobe fatake za su tashi, Lawal ya zo karofi yana huci, ya ce a ba shi yaronsa. Maitama ya miƙe. Ya kira Mudi, ya kama hannayensa biyu ya tsoma cikin tasa rijiyar har gwiwar hannu. Da ya fito da su kore ne, iska na bugunsu suna rikiɗa shuɗi.

"Ka san al'ada, Lawal. Wanda Sarkin Marina ya tsoma wa hannu ɗan karofi ne. Ba mai fitar da shi."

Lawal ya yi ƙwafa ya juya. Rabi'atu ta zauna daɓas a kan gungumen bugun tufafi, ta yi kukan da ba ta yi ba tun rasuwar Aƙilu.

Washegari ta kawo wa Mudi koko a karofi, sai ga ayarin fatake ya biyo ta hanya. A can ƙarshensa, bayan jakuna, ta hango Hussaini, wani maraya da shi ma ke gidan Lawal, wanda ko kafaɗar Mudi bai kai ba. Kayan da aka ɗaure don Mudi ne a kansa. Ita da ta zaci ta gama, ashe ɗaya kawai ta ciro. Ta waiwaya ta dubi wata rijiya da aka yi watsi da ita, ta cika da ganye, ta ƙara damƙe ƙwaryar da ke hannunta.

Mudi ya ruga bakin hanya yana kiran sunan abokinsa, ya ɗaga shuɗin hannunsa. Hussaini ya gan shi, amma bai ɗago nasa ba. Hannayensa duka biyun suna tallafe da kaya.